Yadda Kawu Ya Koyi Tsayar da Hannu

Kawuna, yayan mahaifiyata, kafinta ne tun kafin a haife ni. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, idan ya kama hannunka za ku gaisa sai ka nemi yatsunka ka rasa. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran firji, ƙofa ɗaya taga ɗaya, ƙasa kullum a lulluɓe da garin katako.

Aikinsa na gam ne da guduma. Zai fafe rami a wannan katako, ya feƙe harshe a wancan, ya shafa gam, ya yi ta bugu har su zama abu guda. Abin da Kawu ya haɗa ba ya rabuwa. Ranar da muka tashi daga gidan hayarmu na farko, kabad ɗin da ya ƙera wa Mama a cikin ɗakinta ya ƙi fita. Aka juya shi a tsaye, aka juya shi a kwance, aka cire ƙyauren ɗakin, duk a banza. A ƙarshe mai gidan ne ya gaje shi yana ta washe baki. Mama ta kira Kawu a waya tana faɗa, shi kuwa cewa ya yi, "To ni meye laifina? Ƙofar ce ƙarama."

Kayan zamanin nan da ake kawowa a kwali, a haɗa da noti a kwance da noti, ko ambatonsu ba ya son a yi a gabansa. Sai ga shi Autarsa ta samu aiki a kantin da su kaɗai ake sayarwa. Duk ranar da ta dawo zai tare ta da, "Yau mutum nawa kika cuta?" Ita kuma ta ce, "Baba, waɗanda na cuta dai da kayansu suke tashi."

Matarsa ce ta fara gane idonsa ya samu matsala. Anti Tela muke ce mata, don ɗinki take yi a gida, kekenta a gindin tagar falo. Ta lura yana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana karo da kujerar da ta shekara a wuri ɗaya. Da ta yi magana ya ce gajiya ce. Sai da wata rana ya kai hannu zai janye katako daga bakin injin yanka, haƙorin injin ya ɗebe masa kan ɗan yatsa, sannan ya yarda aka je asibiti. Likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin sa a ɓoye. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu saura ɗan kaɗan, yana gani kamar mai leƙe ta bakin bututu. Ta ba shi maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage, ta kuma ce shi da inji har abada.

Ya bar wa wani abokin sana'arsa shagon da injunan, ya dawo gida ya zauna. Wannan zaman ne ya fi ciwon wahala. Mutumin da bai saba rana ta same shi a gida ba, ga shi daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Rediyo ya ishe shi, baƙi sun ishe shi, har ƙarar keken ɗinkin da ya yi shekaru yana ji ta fara damunsa. Idan aka ce masa sannu sai ya ce, "Sannu da me? Wane aiki na yi?" Ina zuwa gaishe shi a lokacin, in tarar da shi yana shafa hannun kujera da babban yatsa, yana bin inda ya haɗa ta da kansa.

Wata ranar hutu ina gidan, Auta ta shigo da wani dogon kwali ta yar a tsakiyar falo. Ƙaramin kabad ne na takalma da aka dawo da shi kanti saboda ya ƙuje a gefe, Manaja ya ce ta ɗauka. Ba ta ko kalli inda babanta yake ba, ta ce, "Mama, zo ki taya ni haɗawa." Suka baje allunan a ƙasa, suka zazzage ledar ƙarafa, suna ta gardama da ƙarfi a kan wanne ne sama wanne ne ƙasa. Ni na ga lokacin da Auta ta ƙifta wa uwarta ido.

Kawu ya daure, ya daure, can ya ce, "Ku miƙo mini nan, kun cika mini kunne."

Ya sauko ya zauna a ƙasa, ya shafa allo ɗaya, ya shinshina, ya taɓe baki. "Wannan ai ba katako ba ne, gari ne aka matse aka yi masa riga." Auta ta sa masa ƙarafan a hannu tana yi masa bayani. Akwai doguwar ƙusa mai zare da ake murɗawa a jikin allo ɗaya, kanta ya shige ramin ɗaya allon. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe zagayayye mai baki, ana zura shi a rami ta gefe, idan aka juya shi da sukudireba sai ya cafki kan ƙusar ya jawo allunan biyu su haɗe. Anti Tela ta ɗaga shi ta duba ta ce, "Au, maɓalli ne ashe." Daga ranar sunansa ke nan a gidan.

Kawu ya murɗa ƙusar, ya haɗa allunan, ya sa sukudireba a maɓallin. Ya juya, abin ya kama. Maimakon ya tsaya, sai ya ƙara masa irin ƙarfin da ya saba. Muka ji ƙas! Maɓallin ya rabe biyu. Ya ce wannan ɓatacce ne, a ba shi wani. Na biyun bai fashe ba, amma ya tumɓuko ƙusar daga jikin allon, fatar allon ta kumbura ta dare, gari ya zubo a kan tabarma.

Ya ajiye sukudireban a hankali ya ce, "Na gaya muku kayan banza ne." Ya miƙe yana laluben bango.

Anti Tela tana tattara garin da gefen hannu ta ce, "Malam, ni ma da na fara ɗinkin yadi mai santsi haka na yi ta tsinka zare ina zagin kamfani. Ashe ni ce nake matse zaren da yawa." Shi kuwa ya shige ɗaki.

Washegari da safe Auta na shirin fita ya kira ta. Ya ce, "Irin maɓallan nan, kuna da na zubarwa?" Ta ce cike da kwali. Da yamma ta kawo masa, har da allunan da suka lalace.

Abin da ya yi da su ya ba mu mamaki: fasa su ya dinga yi da gangan. Zai zauna a baranda da safe, ya haɗa, ya juya a hankali har abin ya fashe, ya cire ya sa wani. Anti Tela ta ce masa ɓarna ce, ya ce, "In ban san inda yake mutuwa ba, ta ina zan san inda zan tsaya?" Bayan 'yan kwanaki ya daina riƙe sukudireba da dunƙulallen hannu, ya koma riƙe shi da yatsu uku kamar alƙalami. Ya gano ƙusar ana murɗa ta ne har wuyanta ya zauna a kan allo, shi ke nan, ƙari kaɗan zare ya cinye gidansa. Maɓalli kuwa wajen rabin juyi yake so. Da farko yana tafiya sakayau, sai ya yi nauyi, sai ka ji allunan sun sumbaci juna. A nan ake ɗauke hannu. Yakan ɗora yatsan hagu a kan mahaɗar yana murɗawa da dama, da tsagar ta rufe a ƙarƙashin yatsansa ya saki. Ya kuma gano ba a ɗaure ɗaya tamau a wuce na gaba. Sai an kama su duka sama-sama, an daidaita kusurwa, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar da ta rage ita ce takardar zanen da ke zuwa cikin kwali, wadda ba ya iya gani. Nan Anti Tela ta shigo, da tabaraunta a kan karan hanci. Ta samo faifan ƙwai na kwali tana rarraba ƙarafan a ramukansa, kowane iri da gidansa, don ya ɗauka ba tare da tambaya ba. Ita ke karanta zane, shi ke haɗawa, faɗa kuwa ba a magana.

"Ɗauko allon da ke da rami uku a gefe."

"Duk suna da rami uku, Tela."

"Mai rami uku da tsaga nake nufi."

"To ki ce da tsaga mana! Ni boka ne?"

Auta ta ɗauki hoton kayan da suka haɗa ta nuna wa Manaja. Kantin na fama da dawo da kaya, domin masu haɗa musu da injin murɗa noti suke aiki saboda sauri, injin kuwa bai san ya isa ba. Duk da haka Manaja bai amince nan take ba. Ya ce yana girmama dattijo, amma yaya zai tura wanda ba ya gani gidan mutane? Auta ta ce ai ba shi kaɗai ba ne, su biyu ne shi da matarsa, ita ce ido shi ne hannu. Ya yi dariya ya ce a fara da teburan ofis da kabad a cikin kantin tukuna. Suka yi makonni suna zuwa bayan kanti suna haɗawa, ba a dawo da ko ɗaya ba. Sannan aka ba su aikin waje na farko.

Gado ne mai hawa biyu na yara, a gidan wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a saman bene da 'ya'yanta mata biyu. Tana wurin aiki suka je, maƙwabciya ce ta buɗe musu. Wannan gadon ba irin kabad ba ne. Katako ne na gaske, kuma ba maɓalli ke riƙe shi ba, dogayen notuna ne da ke ratsa ƙafar gadon su shige wani guntun ƙarfe da ke kwance a cikin katakon gefe, ana ɗaure su da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida. Kawu ya riga ya tsorata da ƙarfin hannunsa. Da ya ji noti ya fara nauyi sai ya saki, kamar yadda yake yi wa maɓalli. Suka gama, ya girgiza gadon kaɗan, ya ji shiru, suka tafi gida yana ta fara'a, har ya sa direban tasi ya tsaya ya saya wa Anti Tela lemo.

Kwana kaɗan bayan haka matar ta kira kanti ranta a ɓace. Gadon na rawa, yana kuka duk sanda aka juya, babbar 'yar ta ƙi hawa sama, dukansu sun dawo gadonta. Manaja ya ce zai tura wasu. Da Auta ta gaya wa Kawu, ya ce, "Ba wanda za a tura. Ni na yi, ni zan je."

Anti Tela ce ta ba ni labarin wannan zuwan. Ta ce matar ta buɗe ƙofa da kayan aikinta a jiki, ba ta daɗe da dawowa ba, ga gajiya a fuska. Da ta ga Kawu dafe da kafaɗar matarsa yana neman dokin ƙofa da ƙafa, sai ta dafe ƙirji.

"Baba, kai ne ka haɗa gadon? Wanda ba ya gani aka turo ya haɗa mini abin da 'ya'yana za su kwana a kai?"

Anti Tela ta ce ita har ta buɗe baki za ta rama, ya matsa mata kafaɗa. Ya ce, "Ni ne, 'yata, kuma kina da gaskiya ki yi fushi. Amma ba ido ne ya jawo ba, tsoro ne. Ki ba ni dama in gyara. In na gama bai yi miki ba, da hannuna zan kwance shi a kawo miki wani."

Sai matar ta kauce daga ƙofa.

Ya durƙusa ya bi notunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk sun saki, wasu ma da hannu suke juyawa. Ya sassauta su gaba ɗaya, ya sa Anti Tela ta auna daga kusurwa zuwa kusurwa da tef ɗinta na ɗinki har ɓangarorin biyu suka zo daidai. Sannan ya fara ɗaurewa. A nan ya fahimci bambancin: wannan ƙarfe ne ke jan ƙarfe, katakon kuma mai tauri ne, yana son a matse shi. Yakan murɗa har notin ya tsaya, sai ya kama dogon ɓangaren alankin ya ƙara kamar kwatan juyi, yatsansa na kan washa, ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin kan notin. Muddin washar na zaune daram a kan katako, lafiya. Da ya ji tana neman nutsewa, ya san an kai iyaka. Bai bi su a jere ba, sai ya ɗaure na wannan kusurwa ya tsallaka na waccan, don kada gadon ya karkace.

Da ya gama ya kama ƙafar gadon ya jijjiga da ƙarfinsa na da. Ko motsi. Matar na tsaye a bakin ƙofa da hannu a harɗe, yaran na leƙe ta bayanta. Ta ce, "Haka ma ya yi shiru ranar farko."

Kawu ya ce, "Gaskiya ne." Ya cire takalmi, ya laluba tsanin gadon, ya sa ƙafa.

Anti Tela ta ce, "Malam! Me za ka yi?"

"Hawa zan yi."

"Da wannan jikin? In ka faɗo wa zai ɗaga ka?"

"Ai ga ma'aikaciyar jinya a tsaye."

Ya hau a hankali, kansa na gugar silin, ya miƙe a kan katifar yara, ƙafafunsa sun zarce ta ƙarshe. Ya juya dama, ya juya hagu, ya yi tari, har da minsharin ƙarya. Gadon bai ce uffan ba. Ƙaramar yarinyar ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai babbar, sai uwar ta rufe baki da gefen mayafi ita ma ta kasa riƙewa. Saukowar ce ta zama aiki, sai da su biyu suka riƙe shi suna gaya masa inda zai sa ƙafa. Yana taka ƙasa babbar 'yar ta haye sama da gudu ta ce nan nata ne.

Matar ta kawo musu ruwa, ta ba shi haƙuri a kan maganar da ta yi. Ya ce ba komai, ko shi aka gaya wa da ba zai yarda ba. Kafin su fita ya kira ta, ya sa mata alankin a hannu, ya ɗora nasa a kai, ya sassauta noti ɗaya suka sake ɗaure shi tare don ta ji inda ake tsayawa. Ya ce mata katako na gaske yana kumbura da damina ya motse da rani, saboda haka idan yanayi ya juya ta bi notunan ta ɗan taɓa su, kada ta jira sai ya fara kuka. Ya manna alankin da salatif a ƙarƙashin gadon inda yara ba za su gani ba.

Ita ce ta yaɗa labarinsu a wurin aikinta. Ma'aikatan asibiti mutane ne masu yawan canjin gida, yau an mayar da wannan can, gobe an dawo da wancan. Aka fara kiran wayar Anti Tela kai tsaye: a zo a kwance, a zo a haɗa. Kwancewa ma ashe sana'a ce. Anti Tela na liƙa wa kowane allo 'yar takarda da alama, ƙarafan kowane kaya a ledarsa, shi kuma yana bin ramukan da yatsa, wanda ya gaji ya cusa masa ɗan tsinken katako da gam ya bar shi ya bushe kafin a sake murɗa ƙusa. Ɗinki dai ya koma na ranar da babu fita, masu kawo mata kaya har ƙorafi suke yi.

Idon hagun bai dawo ba, bai kuma ƙara lalacewa ba, don Anti Tela ba ta wasa da lokacin ɗiga magani ko suna tsakiyar aiki a gidan mutane. Akwai ranakun da abin ke taso masa, musamman idan suka wuce ta wani shagon kafinta ya ji ƙarar inji da ƙamshin sabon katako. Sai ya yi shiru har su isa inda za su. Amma ya daina zama a kujera yana jiran yamma.

Kwanan baya na je gidan na tarar da abokin nan nasa da ya karɓi shagon zaune a baranda, da guntayen katako a gabansu. Kawu ne ya kira shi. Wai gado yake son su fara yi na katako mai kyau, irin wanda zai yi shekaru, amma mai kwancewa: abokin ya yanka ya huda, shi ya haɗa. Yana riƙe da ƙafar gado ta gwaji, yana nuna masa da yatsa inda ramin noti zai bi.

Abokin ya ce, "Nan ya yi kusa da baki, zai tsage."

Kawu ya shafa wurin, ya auna da faɗin babban yatsa, ya ce, "Ka yi gaskiya. Matsar da shi ciki kaɗan. Tela, rubuta."

Daga cikin falo ta ce, "Ina zuwa, bari in ƙarasa bakin rigar nan."

"Mutane na jira."

"Su jira. Mai rigar ma tun wancan makon take jira."

Ya juyo wajen da ya ji motsina ya ce, "'Yar ƙanwata, ke ce? Zo ki riƙe mana nan, ki ga abin da za mu yi." Na ajiye jakata na riƙe.